Juma'o'in da Ban Je Ba

Masu karatu, assalamu alaikum. Wasu daga cikinku sun rubuto suna tambaya ko na daina rubutu ne, wata baiwar Allah daga Kassala ma ta ce ko an sha bikin ne ban gayyace ku ba. Ba a sha ba. Shirun da na yi yana da dalili, kuma dalilin ba abin alfahari ba ne. Saboda waɗanda suka shigo yau, bari in sake gabatar da kaina a taƙaice.

Sunana Kamal Suleiman, shekaruna ashirin da bakwai, haifaffen Hawata, mazaunin Gadarif. Ina da difloma a fannin kasuwanci, tana naɗe a leda a ƙasan akwatina. Aikina buga takardu a wani ɗan shago da ke fuskantar ƙofar kasuwar amfanin gona, inda ake gwanjon riɗi da dawa. Direbobin manyan motoci su kawo takardun lodi, in buga, in miƙa musu ta taga. Ina kwana a ɗakin bayan shagon, ni da gadon angareb na igiya da wata fanka wadda ba ta motsi sai an kawo wuta. Yarinyar da nake so sunanta Tibyan, 'yar Hajj Cindo, ɗaya daga cikin tsofaffin fataken riɗi na garin nan. Tana aikin jinya a sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba, sai ranar Alhamis take dawowa gida.

Sai kuma wani littafi nawa mai shuɗin bango, wanda dole in yi muku bayaninsa, domin shi ya kai ni ya baro.

A shekararmu ta ƙarshe a makaranta malaminmu ya ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Ni na zaɓi tambaya guda: sau nawa ɗan kasuwa ke ƙulla ciniki? Ban damu da ribarsa ba, ban damu da jarinsa ba. Yawan shigarsa da fitarsa kawai nake so in sani. Na ware wa kowane mutum shafi, duk lokacin da na ga ya saya ko ya sayar sai in ɗiga masa ɗigo. Na miƙa binciken, aka ba ni maki, abokan karatuna suka watse, ni kuwa ban daina ɗigawa ba. Shekara uku ke nan. In faɗa muku gaskiya, mutumin da ke cin dafaffen waken ful shi kaɗai a bakin taga yana bukatar abin da zai riƙa kallo.

Shafin da ya fi kowanne baƙi na Elsadig ne. Sa'ana ne, dogo, mai waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a hannu. Zai sayi kaya a gwanjo da ƙarfe tara, kafin goma ya sayar wa wakilin masu fitar da kaya Bur Sudan, ya juya ya sake saye. Ranar da kasuwa ta cika na taɓa ɗiga masa talatin da ɗaya. Ba shi da ɗakin ajiya ko ɗaya, kaya ba ya kwana da sunansa. Abin da yake samu a kowane ciniki bai wuce na shan shayi ba, amma shayi talatin a rana ya riƙe gida. Shi ma yana son Tibyan, kuma kowa ya sani, domin a wurin mai shayi ya faɗa da babbar murya.

Akwai irin su Osman, wani dattijo mai raha, wanda ke jiran motocin Ƙala'at an-Nahal. Shi zai saya ya riƙe mako ɗaya ko biyu, in farashi ya ɗaga kai ya saki. Ɗigo huɗu ko biyar yake samu a wata. Sauran kwanakin yana zaune a inuwa yana tsokanar masu wucewa.

Sai shafin Hajj Cindo. Ɗigo biyu a shekara. Ɗaya da kaka, lokacin da manoma ke tururuwa da sabon riɗi, ɗaya gab da damina, lokacin da riɗi ya yi ƙaranci a gari. Tsakaninsu farar takarda ce fes. A shafin ƙarshe na rubuta sunana don wasa, shekara uku babu ko ɗigo a gabansa.

A farkon watan Disamba na je gaishe shi a diwan ɗin gidansa, ɗakin da yake karɓar baƙi maza. Na sa farar jallabiya wadda na goge sau biyu, da hula, da takalmin markub da na aro a wurin mai shagonmu, ya yi mini kaɗan. Na same shi a kan darduma, rawaninsa a ajiye gefe, tulun jabana na kan garwashi, ƙanshin gahawa da citta ya cika ɗakin. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na sake ɗauko ta daga farko. Wayata kuwa sai ƙugi take a aljihu. Tibyan ce daga cikin gida, bango ɗaya ne tsakaninmu.

"Ɗana, aljihunka yana kuka," in ji shi.

"Ma'alesh, a yi haƙuri, ya Hajj. Bari in kashe ta."

"Bar ta. Yaran yanzu kuna taɓa waya kamar yadda Elsadig ke taɓa kayan mutane. Ka san Elsadig?"

"Na san shi, ya Hajj."

"Shi ma ya zo. Ya zauna nan inda kake zaune. Kafin jabana ta tafasa ya sayar da dawa mota biyu." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Yaro ne mai kaifi. Kai kuma an ce mini rubutu kake yi. Me ka taɓa sayarwa?"

"Ban taɓa sayar da komai ba."

"Me ka taɓa saya?"

"Shi ma haka, ya Hajj."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa hannu a aljihun ƙirji ya ciro wani ɗan mabuɗi ɗaure da zaren buhu.

"A layin ɗakunan ajiyata da ke bayan tashar jirgi akwai ƙaramin mahzan a ƙarshe, mai koriyar ƙofa. Farin riɗi buhu arba'in ke ciki. Daga yau ɗakin naka ne, kuma babu mabuɗi na biyu. Kada ka sayar sai na ce. Kafin azumi kawunan yarinyar nan za su zauna su tambaye ni, ni kuma in faɗi abin da na gani."

"Me kuke so in yi da su, ya Hajj?"

"Ka riƙe."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da na fito na duba waya, saƙo bakwai. Na ƙarshe: *Yumma ta ce ta ji ya ba ka mabuɗi! Ustaz, mabuɗi fa! Mijin yayata kaɗai aka taɓa bai wa.* Yumma muke ce wa uwa a nan. Ni kuma Ustaz take kirana, wai don ina magana kamar mai karanta darasi.

Ranar, bayan la'asar, na zauna a bakin gadona na buɗe shafin Hajj Cindo. Na kalli ɗigon nan biyu, na kalli farar takardar da ke tsakaninsu, na ce a raina na gane. Mutumin nan ya yi mini ba'a da wayata, ya yi wa Elsadig ba'a da garajensa. Abin da yake son gani shi ne namijin da zai iya ɗauke hannu daga abu. Wanda ba zai riƙa leƙe ba, ba zai riƙa taɓawa ba, ba zai riƙa tambayar farashi kamar mai jiran haihuwa ba. Ni kuwa na san halina: in na kulle shago sai na dawo sau uku na girgiza kwaɗon. In na fara zuwa ɗakin nan, kullum za a gan ni a ƙofarsa, labari ya kai masa cewa yaron nan ba shi da zama. Saboda haka na yanke shawara. Na ɗaure mabuɗin a wuyana, na yi wa kaina alkawari ba zan taka layin nan ba sai ranar da ya ce a sayar.

Ku yi mini adalci, masu karatu. Ba lalaci ba ne. Ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan rashin zuwa ba. Hanyar masallacin da nake Juma'a ta bayan tashar jirgi take bi. Na daina bin ta. Na riƙa zagayawa ta kasuwar dabbobi, tafiyar rabin sa'a a rana tsaka, don kada ƙafata ta ci amanata. In na dawo in zauna a ɗaki, gari ya yi tsit, kowa yana gidansu yana cin kisra da iyalinsa, ni ina jin mabuɗin yana manne mini a ƙirji da gumi, ina yi wa kaina barka da na ci wani makon.

Kuma ban tsaya nan ba. Na ce mai haƙuri da riɗi ya kamata ya yi haƙuri da waya. A da nakan aika wa Tibyan saƙo ashirin a wuni, ban da waɗanda nake rubutawa in goge. Sai na mayar da shi ɗaya a mako, ranar Litinin.

*Ustaz, ko wayarka ta faɗa rijiya?*

Na bari kwana biyu suka wuce. *Ina lafiya, alhamdu lillahi. Ina koyon haƙuri ne.*

*Haƙuri da wa? Ni na yi maka laifi?*

*A'a. Za ki gane daga baya.*

*Yau na karɓi haihuwa biyu, ɗaya ba ta zo da rai ba. Na so in ji muryar mutum.*

Wannan saƙon ranar Laraba ya shigo. Na karanta shi a tsaye, da takardar wani direba a hannuna. Na rubuta amsa mai tsawo, na karanta, na tuna Litinin ba ta yi ba, na goge. Duk abin da za ku faɗa mini a kan wannan na riga na faɗa wa kaina.

Mahaifiyata, Fatiha, takan kira daga Hawata in an sami layi. Mahaifina manomin dawa ne, ya rasu ina shekara tara, ita kaɗai ta yi ta fama da ni har na yi karatu.

"Kamal, an ce an ba ka mabuɗi. Ka tambayi manyan kasuwa yadda ake yi?"

"Yumma, shekara uku ina nazarin mutumin nan. Na san yadda yake aiki."

"Nazari ta taga?"

"A rubuce yake, Yumma."

"To. Allah ya sa takardar ta san abin da take faɗa. Kana cin abinci?"

Ko Osman ma ya ba ni ƙofa ban shiga ba. Wata safiya ya leƙo tagar shago da kofin shayi a hannu.

"Mabruk, ya Ustaz, an ce kai ne mai koriyar ƙofa. Yaya bayanka? Bai fara ciwo ba?"

"Lafiyarsa ƙalau, Baba Osman."

"Ƙalau? To kai ƙarfe ne. Mijin babbar 'yar Hajj Cindo sai da aka yi masa gashi da ruwan zafi." Ya tafi yana dariya.

Ban gane abin da yake nufi ba, kuma ban tambaya ba. Mai difloma a kasuwanci ba ya son a ji shi yana tambayar abin da 'yan dako suka sani.

Haka aka yi mako goma sha ɗaya.

Ranar Alhamis da ta wuce, da la'asar sakaliya, ina buga takardar ƙarshe, sai inuwa ta rufe tagar. Na miƙa hannu ban ɗago ba, na ce, "Takarda." Ba a ba ni komai ba. Na ɗaga kai. Tibyan ce, kai tsaye daga tasha, da jakar baya, da farin mayafin tob na aiki wanda jar ƙasar hanya ta rine masa gefe. Ba ta taɓa zuwa shagon nan ba. Idanunta sun faɗa, ta rame.

"Sannu da hanya," na ce, na miƙe har kujera ta kife.

"Tambaya ɗaya na zo yi, mai keken raksha yana jirana. Sau nawa ka je mahzan?"

Allah ya gani, sai da na ji daɗin tambayar. Na gyara tsayuwa.

"Ko sau ɗaya."

Ta rufe ido. Ta dafa katakon tagar da hannu biyu.

"Ko sau ɗaya," ta maimaita. "Kuma kana faɗa kamar wanda ya ci jarrabawa."

"Baba sau biyu yake ciniki a shekara, Tibyan. Na rubuta. Tsakanin saye da sayarwa ba ya yin komai, shi ne sirrinsa. Na so in nuna masa cewa ni ma..."

"Ba ya yin komai? Babana?" Muryarta ta tashi har direban da ke jira ya juyo. Ta sassauta. "Tun ina goye, kowace Juma'a in ya sauko daga masallaci mahzan yake wucewa. Ya buɗe ɗakunan su sha iska, ya sa hannu cikin buhu ya shinshina, ya sauko da na sama ya mayar da na ƙasa, ya duba ɓera, ya duba asu. Sai magariba yake dawowa, Yumma ta shafa masa mai a baya. Kai a kasuwa kake ganinsa, Ustaz. A kasuwa sau biyu yake bayyana. Sauran shekarar yana can."

Ta matso kusa da tagar, ta ci gaba.

"Wanda ya bai wa mabuɗi, ce masa ya yi zo ka zauna kusa da ni in koya maka. Haka kakana ya yi masa kafin ya ba shi Yumma. Kowa a kasuwar nan ya sani."

"Ni ban sani ba."

"Ka tambaya?"

Na sunkuya na ɗaga kujerar da ta kife.

"Ni duk zatona kana zuwa. Na ce shi ya sa ka daina rubuto mini, gajiya ce, har tausayinka nake ji. Baba ya hana kowa yi maka magana. Jiya Yumma ta kasa daurewa ta kira ni." Ta dubi hanya, ta sake dubana. "Tun ranar da ya ba ka mabuɗi yake fita da tulun jabana da finjali biyu. In ya gama da nasa ɗakunan sai ya shimfiɗa tabarma a gaban koriyar ƙofa ya zauna. Ya dawo gida, Yumma ta wanke finjali ɗaya, ɗayan ta mayar yadda yake."

"Inna lillahi."

"Ban gama ba. Juma'a uku ke nan duka biyun take wankewa."

"Wa?" na ce, alhali na sani.

"Wanda ke zaga garin nan sau talatin a rana. Ya wuce ya ga tsoho zaune shi kaɗai, ya tsaya." Ta gyara jakarta. "Kawunaina za su zauna Juma'a ta sama. Ni na faɗa wa Baba wanda nake so tun tuni, ba na canza magana. Amma ba zan iya zuwa mahzan a madadinka ba, Kamal."

Kamal ta ce, ba Ustaz ba. Ta juya ta shiga raksha.

Washegari ban zagaya ta kasuwar dabbobi ba. Ana sallame Juma'a na bi ta bayan tashar jirgi, da jallabiyar nan tawa mai guga biyu. Layin ɗakunan dogo ne, ƙofofin ƙarfe duk a buɗe suna shan iska, ƙanshin riɗi mai daɗi yana fitowa daga cikinsu. Ƙofa ɗaya ce kawai a rufe, can ƙarshe. A gabanta tabarma, a kan tabarma Hajj Cindo da singileti da wando, rawani rataye a ƙusa, ƙurar buhu a gemunsa. Kusa da shi Elsadig, ya naɗe hannun riga, wayoyinsa biyu a kife a kan tabarma. Ban taɓa ganin su a kife ba.

Na yi sallama. Suka amsa.

"Ahlan, ya Ustaz!" in ji Elsadig. "Wallahi mun ɗauka ka yi hijira. Na ce wa Hajj ko in buga maka takardar neman hanya."

"Bari, Elsadig," in ji tsohon. Bai ce in zauna ba, bai kuma ɗaure fuska ba. Ya nuna ƙofar da haɓa. "Ɗakinka ne. Buɗe mu gani."

Kwaɗon ya ƙi juyawa sai a karo na uku. Da ƙofar ta buɗe, zafi ne ya fara bugun fuskata, sannan wari, irin na tsohon mai da ya kwana a kasko. Ƙananan asu suka taso suna shawagi a cikin haske. A kusurwar hagu ɓeraye sun huda buhunan ƙasa, riɗi ya zubo ya yi tudu, gauraye da kashinsu. Hajj Cindo ya tashi da ƙyar, ya shigo, ya kwance bakin wani buhu, ya nutsa hannu har gwiwar hannu. Ya fito da riɗi ya murza, ya shinshina. Sannan ya buɗe mini tafinsa. Ƙwayoyin sun manne da juna da wata siririyar yana, wani farin abu ƙarami yana motsi a tsakiya.

"Wannan riɗin daga gonar wani mutum na saye shi a Ƙala'at an-Nahal," in ji shi a hankali. "Shi da 'ya'yansa suka yanke shi cikin kwana huɗu, ba su runtsa ba, don kada ya tsage ya zube a ƙasa. Kowace Juma'a ina jin warin nan yana ƙaruwa ta ƙarƙashin ƙofa. Ina da guduma, ɗana. Ban fasa kwaɗon ba." Ya kakkaɓe hannu. "Me ya hana ka zuwa?"

A hanya na shirya amsoshi uku. Ciwo, aikin shago, rashin sani. Babu wadda ta fito.

"Na so in yi kama da ku ne, ya Hajj. Shekara uku ina rubuta sau nawa kowa ke ciniki. Na ga ku sau biyu kuke yi a shekara, sai na ɗauka tsakani zama kuke yi. Na ji tsoron in na riƙa zuwa ku ce ba ni da haƙuri. Kowace Juma'a ta kasuwar dabbobi nake zagayawa don kada in zo nan."

Elsadig ya fashe da dariya, ya riƙe ciki. "Ta kasuwar dabbobi! Cikin wannan zafin rana! La ilaha illallah. Ya Hajj, ni sau nawa ya rubuta mini?"

"Talatin da ɗaya," na ce, kaina a ƙasa.

"Talatin da huɗu ne, ka yi kuskure, uku a waya na yi."

Hajj Cindo bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ya yi mini a diwan.

"Ka sha wahala ƙwarai wajen yin abin da bai kamata ba," in ji shi. "Ban taɓa ganin irinka ba. Ban sani ba ko wannan abin tsoro ne ko abin so." Ya juya ya ƙare wa ɗakin kallo. "Na ƙasa biyar ko shida sun tafi, sai dai masu matse mai su karɓa da araha. Sauran in an fitar da su rana, an rairaye, an sake buhu, an share ɗakin an ɗora su a kan katako, za su tsira. In an bar su wani mako biyu, babu wanda zai tsira."

"Zan ɗauko 'yan dako yanzu, ya Hajj."

"Ba 'yan dako na bai wa mabuɗi ba."

Na cire jallabiyar na rataye a ƙofa. Na kama kunnuwan buhun farko na ja. Bai motsa ba. Na sake ja da dukan ƙarfina, ya zame daga sama ya taho da ni, muka zube tare. Riɗi ya shiga mini baki.

Hannu na ji a kafaɗata. Elsadig ne, ya daina dariya.

"Ba da hannu ake yi ba, ya zol, za ka karya bayanka. Juya masa baya. Durƙusa. Bar shi ya kwanta maka, sannan ka tashi da cinya." Ya gyara mini buhun a gadon baya, ya matso kusa da kunnena. "Kada ka ɗauka na janye. Na faɗa wa Hajj abin da nake so, kuma ni na zo sau huɗu. Amma ba na son in ci mutum yana kwance."

Na tashi. Gwiwoyina suna rawa, na yi taku goma sha biyu zuwa rana, na sauke. Na kwance, na zazzage a kan shimfiɗa, tsohon ya miƙo mini rariya ya nuna mini yadda ake karkaɗa ta. Kafin a kira magariba buhu uku na gama. Tafin hannuna ya ɗuri ruwa, ya fashe. Su biyun suna kan tabarma suna shan jabana suna hirar farashin Bur Sudan. Sau ɗaya Hajj Cindo ya dube ni ya ce, "Finjali biyu na kawo, ban san za ka zo ba." Na ce babu komai, na sha ruwa a randa.

Elsadig ya juyo da wayoyinsa sama, suka fara kuka tare, ya yi sallama ya tafi. Tsohon ya rufe ɗakunansa ɗaya bayan ɗaya, ya sa riga, ya naɗa rawani, ya ɗauki tulu da tabarma. A gabana ya tsaya.

"Ban ce maka e ba. Ban ce masa a'a ba. Juma'a mai zuwa zan faɗa wa kawunanta abin da na gani, dukansa, har da mako goma sha ɗayan nan."

"Na yarda, ya Hajj."

"Yaushe za ka dawo?"

"Gobe bayan asuba, kafin a buɗe shago. In an tashi kuma in dawo."

"Gobe ba Juma'a ba ce. Ba za ka same ni a nan ba, babu wanda zai gan ka."

"Na sani."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya kama hanya yana ɗan ɗingishi. Na tsaya a ƙofar ina kallonsa har ya sha kwana. Sannan na zauna a kan buhu, na ciro waya da yatsun da ba sa lanƙwasuwa, na kira ta. Ba Litinin ba ce. Ta yi ƙara sau biyar, har na fidda rai, sannan aka ɗauka.

"Ina jin ka," in ji Tibyan.

"Saura talatin da bakwai," na ce. "Kwana shida nake da su. Amma ba shi na kira in faɗa ba. Matar nan da jaririnta bai zo da rai ba, yaya take?"

Ina jin ƙarar kwanuka a bayanta.

"An sallame ta tun wata guda da ya wuce, Kamal." Ta ja numfashi. "Tsaya, kada ka kashe. Bari in fita tsakar gida."